Kwalbar Zinariyar Dakta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, tara ga watan Maris, labari ya riske mu cewa Allah Ya karɓi ran malamarmu, shugabar ɗakin gwaje-gwajen haske, wadda kowa ke kira Dakta, bayan doguwar jinya. Dakta, ni ne ɗalibinki da kika laƙaba wa suna Ƙamus, domin a cewarki ko ruwan sha ba na iya roƙo sai da kalma mai gaɓa biyar. Yau ma ki yi mini uzuri.

Wanda bai san bajintarki ba, ya saurara. Zaren gilashi ne siriri kamar gashi, wanda haske ke bi ta cikinsa. Kin ƙarar da ƙuruciyarki kina lulluɓe bakinsa da ƙwayoyin zinariya waɗanda ido ba ya gani, domin idan an tsoma shi cikin ɗigon jini, zinariyar ta ɗaga muryar hasken da ke dawowa, wanda masana ke kira siginar Raman, a gane cuta tun tana rarrafe.

A cikin ruwa ake dafa ƙwayoyin nan. Ranar da na fara aiki, na tsaya gaban tulun gilashi ina zuba miki nazariyya. Kika ce, "Ƙamus, rufe baki ka buɗe ido. Ja ne ko shuɗi?" Nan na koyi cewa ja alamar rai ce, shuɗi kuwa ƙwayoyin sun dunƙule, aiki ya mutu. Da na taɓa lalata dahuwar mako guda da tulun da ban wanke sosai ba, ba ki tozarta ni ba. Kin naɗe hannun riga, muka yini a bakin famfo muna wanke tuluna tare. Da maƙalarmu ta fito kuma, sunana kika sa a gaban naki.

Kafin ciwo ya kwantar da ke, kin dafa kwalba ɗaya da ta fi duk na baya, ja garau, kuma da ita za a shafe zaren da asibiti ke jira don gwaji na farko. A gadon jinya kika riƙe hannuna kika ce, "Kwalbar nan amana ce. A firiji take zama, kada ta ga firiza. In ta daskare, ta tafi ke nan." Na ɗauki alkawari.

Washegarin rasuwarki Shugaban Sashe ya garƙame ɗakin. Na je ofishinsa na roƙi mabuɗi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, ka gama karatu, yanzu kai baƙo ne. Ɗakin da ke da zinariya ba a barin baƙo ya shiga." Na yi masa bayani da manyan kalmomi, na sake da ƙanana, duk bai ji ba.

A gidanki, muna zaune a falo cikin masu gaisuwa, na ji shi yana gaya wa maigidanki, har da dafa ƙirji, "Zinariyar marigayiya tana hannu nagari. Da kaina na sa aka mayar da ita firiza, ko ƙuda ba zai taɓa ta ba." Maigidanki, bawan Allah, ya yi masa godiya har da hawaye. Ni kuwa Ƙamus, a karon farko a rayuwata, na nemi kalma na rasa.

Da aka buɗe ɗakin bayan makoki, na bar kwalbar ta narke a kan teburinki, kusa da kofin shayinki da ba wanda ya ɗauke. Ruwa fari fat, baƙin gari kwance a gindi. Wannan shi ne jahilci murakkabi, Dakta: ɓarna da kyakkyawar niyya, mai ita kuma yana jiran yabo. An sanar da asibiti cewa an ɗage gwajin, kuma an ce za a sa wa ɗakin sunanki.

Autarki ta tambaye ni, "Yaya, aikin Mama ya tsaya ke nan?" Bai tsaya ba, Dakta. Amanar ta kuɓuce mini, amma jan nan yana cikin idona, ke kika zuba shi. Duk ɗakin da ya yarda ya buɗe mini ƙofa, zan dafa, in zubar, in sake dafawa, har ya dawo.

Allah Ya jiƙanki, Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, da 'ya'yanki, da ɗalibanki, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Shugaban Sashe kuwa, Allah Ya saka masa gwargwadon fahimtarsa.