Kunnen Palanisami na Dama

Shekara talatin Palanisami ya yi yana shan duka a finafinan Tamil na kudancin Indiya, kuma da wannan sana'a ya aurar da 'ya'ya uku. An jefo shi daga bene, an fasa masa kwalba a ka, an ja shi a bayan mota. Kunnensa na hagu ya mutu tun wani mari da aka yi masa da gaske. Likita ya ce in aka taɓa na dama, shi ke nan, shi da jin magana har abada.

Da masu fim ɗin Hindi suka fara son faɗan mutanen kudu, aka gayyace shi Mumbai. Matarsa Valli ta cusa masa auduga a aljihu.

"Tsoho, ka toshe kunnen nan. In ka kurmance wa zan riƙa yi wa faɗa?"

"Ai da na huta," in ji shi.

To, jaruman da ya saba da su a Chennai, cibiyar finafinan Tamil, sun iya tsayar da naushi dab da fata, don haka shi yake kai musu fuska. Jarumin Mumbai kuwa, wani ƙaton yaro mai suna Devansh, iska ya saba naushi da dukan ƙarfinsa, abokin faɗa na can nesa.

"Baba, ja baya fa, hannuna ba shi da birki," in ji Devansh yana dariya.

"Yaro, tun kana tsumma ake dukana."

Audugar tana aljihu, don in ya sa ba zai ji umarnin darakta ba.

Aka ce a fara. Palanisami ya yi niyyar ja da baya, wallahi ya yi, amma ƙafar shekara talatin ta kai shi gaba. Ji kake tim! Haƙori biyu suka yi tsalle, ya faɗa kan tebur ya karya shi, jini na bin wuyansa daga kunnen dama. Ya ga darakta na tafa hannu. Gani kawai ya yi.

Ba a yanke wurin daga fim ɗin ba. Ranar da fim ɗin ya iso garinsu Madurai, Valli ta kai shi sinima. Da naushin ya sauka, ya ga mutane sun miƙe, baki buɗe. Ya juyo ya ga nata bakin yana ta motsi, tana nuna aljihunsa.