Na'urar da Ke Jiran Azahar

Har gobe ban manta da ranar da aka kira ni wani ƙaramin asibiti a yankin Bagudo ba, cikin tsakiyar bazara. Lokacin ina ma'aikacin gyaran na'urorin asibiti. Da hantsi aka kawo wani dattijo manomi daga Zagga, Malam Sambo, yana dafe da ƙirji. Likita na son ganin awon bugun zuciyarsa kafin ya san ko a riƙe shi, ko a kama doguwar hanyar Birnin Kebbi da shi. Ita kuwa na'urar awon ta ƙi. Maimakon layi mai tsabta, sai wani zane take fitarwa kamar haƙoran zarto.

Mu a sana'a mun san wannan zanen: wutar lantarki ce ke kutsawa cikin awo. Na sauya wayoyin ƙirji, na kashe fanka da firji, duk a banza. Batirinta kuma ya daɗe da mutuwa.

Sai wata nas, Sista Hadiza, ta ce, "Injiniya, kak ka wahal da kanka. Injin ga ba shi aiki sai an yi Azahar."

Na kwashe da dariya. "Ashe mai ibada ne?"

"Wallahi mun hi wata muna lura."

Nan take na daina dariya. Kowace irin wannan na'ura tana da wayar da ke zubar da ɓatacciyar wuta cikin ƙasa, ta wata sandar tagulla da ake kafawa a waje. Na bi wayar da gudu har bayan ɗaki. Ga sandar nan a gindin dogonyaro, ƙasa ta bushe ƙayau, ga butoci jere a gefenta! Nan mutane ke alwala. Ruwansu ne ke jiƙa ƙasar, wuta ta sami hanya.

Daɗi ya kama ni. Na yi ihu, "A kawo ruwa! Bokiti, buta, komai!" Masu jinya suka yi ta kwarara, ni kuma na leƙa ta taga. Haƙoran nan suka kwanta, bugun zuciya ya fito sarai.

Likita ya duba, ya ce a tayar da mota yanzu, ba a jira ba. Malam Sambo ya kai Birnin Kebbi, kuma ya dawo ya yi noman daminar.

Daga baya na nutsa sandar cikin gawayi da gishiri, don wuta ta riƙa samun hanya ko ba a yi alwala ba. Shi ya sa nake gaya muku, yara masu koyon sana'a: kafin ku buɗe akwatin kayan aiki, ku tambayi mai zama da na'urar. Da na tsaya kan dariyata, da dattijon nan ya jira Azahar.