Roƙo na Uku

Mijina ba matsoraci ba ne. Na fara da wannan ne saboda duk wanda ya ji cewa na taɓa rufe shi a cikin gangar ruwa na kife kwando a kai, zai ɗauka wani abu ne daban. Mutum ne da ya tako daga ƙasar Kano har bakin teku da ƙafarsa, kuma a Makka ga-ruwa ne, garwa biyu a sanda, daga bazan, wato famfon unguwa, zuwa kan dutse, safe da yamma. Abu ɗaya yake gudu a duniya, shi ne yayansa ya roƙe shi gafara.

A Misfala muke lokacin, cikin bukkokin Takaru, wato mu baƙar fata da muka zo daga yamma, da ke manne a jikin dutse, na kara da buhu da fallayen gwangwani. Raƙuma ne suka fi kawo alhazai daga Jidda, mota sai jefi-jefi. Ni ina wankau, Malam mijina yana kawo ruwa. Yaya kuwa tsire yake yi a gindin dutsen, kuma tsakaninsa da ƙaninsa ko sallama babu.

Abin da ya raba su ba ƙarami ba ne. Su uku suka baro gida, su biyu da mahaifiyarsu. Da suka iso Sawakin, inda ake jiran kwalekwalen ƙetare teku, tsohuwa ta kwanta ciwo. Aka sami gurbin mutum ɗaya, Yaya ya ce ya bar ta ga Allah, ya haye. Malam ya yi jinyarta a wata rumfa a bakin gaɓa, ya rufe mata ido, ya binne ta shi da baƙin da bai san ko yarensu ba. Sai da wani aikin hajjin ya sake wucewa kafin ya samu ya ƙetaro. Ni a Makka na aure shi, kuma na daɗe a gidan kafin in ji labarin nan, shi ma a gutsure.

To, kafin Sawakin sun yi zaman neman guzuri a Omdurman, kuma a can Yaya ya yi aiki a gidan wani Bayahude mai sayar da yadi. Dako yake masa, ranar Asabar kuma shi ke hura musu wuta, domin su ba sa taɓa ta ranar. A Makka ba a ɗaga murya a ce Bayahude, saboda haka "maigidan Omdurman" yake ce masa, kuma ba ya gajiya da labarinsa.

Ya ce suna da wani babban azumi sau ɗaya a shekara, yini da kwana ba ci ba sha, ba sa ko sa takalmin fata. Ana gab da shi sai ga maigidan nan, da tumbinsa da dukiyarsa, ya zo har inda Yaya yake kwana, ya ce ya yafe masa zagin da ya yi masa ranar da ya jiƙa bandir ɗin yadi. Yaya ya ɗauka mutumin ya zare. Sai maigidan ya zaunar da shi ya yi masa bayani. A wurinsu, ranar azumin nan Allah yana yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma abin da ke tsakanin bawa da bawa sai Ya mayar da kai ga mai haƙƙin. Ka daina laifin, ka yi nadama, ka faɗi abin da ka yi da bakinka. In mutum ya ƙi yafewa, ka koma da shaidu, har sau uku. In ya ƙi a na ukun, kai ka fita, laifin ƙeƙashewar zuciya ya koma kansa. In kuma ya mutu ba ka roƙa ba, ka tara mutum goma ka je kabarinsa. Bayan azumin da 'yan kwanaki suna kafa rumfa ta ganyen dabino, rufinta sakayau har kana hango sama, su bar gidan bulo su koma ciki da ci da sha, don su tuna ba rufi ne yake tsare mutum ba.

Da farkon labarin ya iso kunnena na ce, yo wannan ai malamanmu kullum suna faɗa, haƙƙin bawa sai bawa, sai an je Omdurman za a ji? Aka kai masa maganata. Ya ce ya ji daga bakin malamai ba adadi, amma bai taɓa ganin mai kuɗi ya zo ƙofar ɗan dako yana sunkuyar da kai ba sai can.

Matsalar ita ce, a duk karatun nan Yaya lissafin kawai ya riƙe.

Babu Bayahude a Makka da zai tambaya yaushe azumin nasu yake faɗowa, sai ya yanke wa kansa cewa goman farko na Muharram ne, zuwa Ashura. Wata rana da azahar, rana tana dukan dutsen nan har ba ka iya dafa shi, sai na hango mutum yana hawowa ba takalmi, yana ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya kamar kaza a kan tanda. Ashe Yaya ne, bayansa shaidu uku: wanzamin unguwa, da wani ladani mai ciwon gwiwa, da wani tsoho kurma da ban san me zai shaida ba. Da tsire ya ɗauko su duka, har maiƙon yana bakinsu.

Ya tsaya a ƙofa ya ce Malam ya yafe masa abin da ya faru. Haka ya ce, abin da ya faru, sai ka ce ruwan sama ne. Malam ya ce bai yafe ba. Yaya bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya juya ya dubi shaidu, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Ɗaya." Suka gangara.

Da shekara ta zagayo haka aka sake yi, ya ɗaga yatsu biyu, har da ɗan murmushinsa. Murmushin nan ne ya hana ni sakat. Na tare wanzami na matse shi, shi kuma cikinsa ba ya riƙe magana, ya zazzage min zancen roƙo na uku. Na kawo wa Malam. Wallahi ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba. Ya ce Yaya ya bar masa uwa a bakin teku, yanzu kuma zunubin ma shi zai bar wa? Na ce to ka yafe mana, a huta. Ya ce ba zai iya ba. Na ce to ka ƙi, wa ya ce hukuncin mutanen Omdurman ya hau kanka? Ya ce in kuma gaskiya suka faɗa fa?

Tunda ba zai yafe ba, ba zai kuma ƙi ba, sai ya zaɓi ɓuya.

Duk sauran watannin shekara suna wuce juna a hanya, wannan da garwa wancan da tire, kowa ya kau da kai, domin Yaya ya tsaya a kan cewa roƙon ba ya ƙirguwa sai a kwanakin nan. Amma da an ga watan Muharram, gidana ya zama gidan mahaukata. Shekarar ganga ita ce ta farko. Wata shekarar na binne shi a ƙarƙashin haramin alhazan Jawa da aka kawo wanki, Yaya yana tsaye a ƙofa ina rantse-rantsen da ba su kai rantsuwa ba, tulin wanki yana atishawa. Na ce mage ce. Kurman nan, da bai ji komai ba, shi ya fi kowa gyaɗa kai.

Wata shekarar kuma Malam ya ce ya gano dabara, ya tafi Harami ya shiga ɗawafi tun hantsi. Yaya ya bi shi. Suka yi ta zagaya Ɗakin Allah, ƙani a gaba, wa a baya, duk lokacin da Yaya ya kusa cim masa sai ya waiga ya ga ladani ya zauna yana murza gwiwa, kurma kuma ya bi wani ayarin daban. Roƙo ba shaidu ba ya ƙirguwa. Ranar mutane suka yi ta yaba ibadar 'yan'uwan nan biyu, har wani Bature mai jan gemu daga ƙasar Turkawa ya nemi su sa masa albarka.

Rumfar ma Yaya bai bar ta ba. Bayan Ashura sai ya kafa ta ganyen dabino a gefen bukkarsa, wadda ita ma ta cikinta kana hango sama. Ya zauna ciki yana tawakkali, awakin maƙwabta suna cin rufin. Ni dai na aika masa cewa maigidan Omdurman da kansa yake zama a rumfarsa, ba uwarsa yake bari a ciki ya hau jirgi ba. Ban san ko an kai saƙon ba, amma wannan shekarar bai aiko min da tsiren sallah ba.

Ina dariya yanzu, a lokacin ma na yi, amma abin yana cina. Mutum biyu ne kawai a duk garin nan suka san muryar tsohuwar nan, kuma ba sa iya zama su yi zancenta.

Sai shekarar da zazzaɓin bayan hajji ya kama Malam. Watan Muharram ya tsaya yana kwance, ko juyawa sai na juya shi, balle shiga ganga. Da azahar na hango su suna hawowa. Ladani ya rasu lokacin, an maye gurbinsa da wani mai sayar da gawayi. Na ɗauko muciya na tsaya a ƙofa, na ce yau duk wanda ya ƙirga min wani abu a gidan nan sai na ƙirga masa haƙoransa. Daga ciki Malam ya ce in bar shi ya shigo, ya gaji.

Yaya ya leƙa ya ga yadda ƙaninsa ya koma. Sai ya juya ya sallami shaidu, ya ce su je su ci tsiren, yaronsa yana wurin. Ya shiga ya zauna a ƙasa, tafin ƙafarsa duk ya yi bororo. Ina jiran in ji "abin da ya faru", sai na ji ya ce:

"Na bar Inna tana ciwo na hau jirgi. Ba tawakkali ba ne, tsoro na ji kada in mutu ban ga Ka'aba ba. A ina ka sa ta?"

Tunda suka rabu a Sawakin bai taɓa tambaya ba. Malam ya faɗa masa, a hankali, yana hutawa: bayan rumfunan masunta, kusa da wata bishiyar ƙaya, ya jera farin dutse a kai. Ya faɗi abin da ta iya ci da abin da ta kasa. Sannan ya rufe ido ya ce akwai saura. Ashe kullum tsohuwa sai ta tambaya ko jirgin ya isa. Ranar da za ta cika ta ce a gaya wa babban ɗanta cewa ta yafe masa, ta ji daɗi ɗanta ɗaya zai ga Ɗakin, ya yi mata addu'a a can. Malam ya riƙe saƙon nan a cikinsa duk shekarun nan, ko ni bai gaya wa ba.

"Na hana ka abin da yake naka," in ji shi. "Yaya, ka yafe min."

Yaya yana kuka, majina har gemu. Na ɗauka zai rungume shi. Sai ya share fuska ya ce, "Ban yafe ba. Ka tashi, baɗi ka zo ƙofata da ƙafarka, ba takalmi, da shaidunka."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ɗaga yatsa da ƙyar ya ce, "Ɗaya."

Bai kai Ashura ba.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta, wanzami ne ya ba ni labari. Bayan kwana biyu Yaya ya tara mutum goma, wannan karon ba tsire, ya kai su maƙabartar Ma'ala. A Makka ba a rubuta suna a kabari, kuma askar, wato sojan da ke gadi, ba ya barin kowa ya tsaya yana magana da matattu. Yaya ya tsaya inda yake zaton nan ne, ya ce ya yafe, ya yafe, ya yafe, sannan ya yi roƙonsa na uku, ya faɗi laifin da sunansa. Askar yana zuba masa sanda a baya, bai motsa ba sai da ya gama.

Da ya dawo ya biyo ta gidan, ya zauna a bakin ƙofa kusa da garwunan Malam. Ni da bakina da ba ya shiru, ina cikin takaba ma, na ce to, me ya ce maka?

Ya ce, "Ya sake ɓuya."

Yaya ya yi shekaru a raye bayan nan. Duk Muharram sai ya hawo dutsen da azahar, ba takalmi, ba shaidu, ya yi sallama ya tambaya ko ƙaninsa yana nan. In ce masa ba ya nan, Yaya, kamar yadda na saba. Sai ya zauna, in kawo masa ruwa ya tsoma ƙafafunsa.