Yahuza Mai Lodi da Mataki na Sittin da Uku

Ni da Yahuza aji ɗaya muka yi a firamare a Zandam, benci ɗaya ma. Ni nake zuwa na ɗaya, shi kuma na biyun ƙarshe, kuma wanda yake bayansa ɗin bai cika zuwa makarantar ba. Idan malami ya ce bakwai sau takwas, sai Yahuza ya ɗaga kai yana kallon kwanon rufi. Ni kuwa hannuna yana sama tun ba a gama tambayar ba. Ina cikin masu yi masa dariya, kuma tawa ta fi ta kowa ƙara.

Muna aji huɗu mahaifinsa ya rasu, ya bar karatu. Da damina yana noma tare da ƙannen babansa, da rani yana bin motocin hatsi zuwa Gwaram. A nan ya fara dako, buhun gero, buhun riɗi, buhun wake, ya fi shekara goma yana ɗauka a gadon baya. Da bayan ya fara ciwo sai wani direba ya ce ya hau saman mota ya riƙa karɓa yana jerawa. Tun daga ranar bai koma dako ba. Direbobi suka lura motar da Yahuza ya yi wa lodi ba ta karkacewa a hanya, kuma tana cin kayan da wani zai rantse ba za su shiga ba. Har yanzu ana ba da labarin kayan wata amarya da za a kai Maruta, aka kira a-kori-kura biyu, ya zuba su duka a guda ɗaya, gado da katifa da kwalla da komai, har ya bar wa tsofaffi biyu wurin zama. Ya auri Sa'adiyya, suka haifi shida, ya gina ɗaki uku a bakin gari.

Ni kuma na yi ta karatu har na zama Malam Abdulnasir, malamin lissafi a wata sakandare a Birnin Kudu, shekara ashirin da shida ke nan. Idan na bi ta tashar Gwaram muka haɗu, yakan ce, "Malam, an wuni lafiya?" ni kuma in amsa masa da muryar mai tausayi.

Bara ciwon kai ya matsa mini, na je asibiti aka ce hawan jini ne. Ma'aikaciyar ta ce in rage gishiri, in rage faɗa, in samu abin da zai riƙa kwantar mini da hankali. Da na faɗa a ɗakin malamai, Malam Safiyanu mai koyar da Turanci ya karɓi wayata ya saka mini wani wasa. Ba komai a cikinsa sai farin fili da akwati guda mai ƙananan gidaje, a ƙasa kuma 'yan gutsattsari masu siffa daban-daban. Aikinka ka jawo su da yatsa ka jera a cikin akwatin har ya cika, ba rami, ba wanda ya hau kan wani. Ba agogo, ba mai korar ka. Idan ka gama sai ka ji wani ɗan sauti kamar ɗigon ruwa a randa, a wuce da kai mataki na gaba.

Kwana biyu na cinye mataki arba'in. Na gaya wa malamai cewa wannan ai na 'yan firamare ne.

A na sittin da uku na tsaya cik. Guda tara ne, kullum takwas su shiga, na taran ya tsaya a waje yana kallona. Sati uku ina abu ɗaya. Na zana akwatin a takardar lissafi, na yanka kwali na yi siffofin ina jujjuya su a kan tabarma. Matata Hapsatu ta kawo mini abinci wata rana ta tarar da ni a haka.

"Malam, wannan ne abin da aka ce zai kwantar maka da hankali?"

"Shi ne."

"To tun la'asar nake jin tsakinka daga madafi."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Malam Safiyanu yana mataki na tamanin da wani abu, mutumin da sai ya ciro waya kafin ya haɗa makin jarrabawa.

Ana cikin haka aka yi wa ƙanena haihuwa a Zandam, na tafi suna. A tashar Gwaram ina zaune a benci ina jiran mota ta cika, kaina a kan waya, sai ga Yahuza ya sauko daga kan wata motar kaya, kanta, yana karkaɗe rigarsa. Muka gaisa, ya zauna kusa da ni.

"Malam, me kake ta dannawa haka har da haɗe rai?"

Na yi masa bayani a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Na miƙa masa don ya gani. Ya taɓa gilashin, abin ya ƙi motsi, saboda kanta ta cinye masa yatsu. Ya maido mini.

"Riƙe, ni in faɗa maka. Fitar da su duka tukuna."

Na fitar.

"Wancan mai ƙugiyar, shi za ka fara sawa, can lungun hagu. Juya shi. Yauwa. Sai dogon ya kwanta a bayansa. Kai masu kyan tsari kake fara sawa don sun fi daɗin sawa. Kaya maras kan gado shi ake fara ɗorawa, Malam. Buhu kuwa duk inda ka ce ya zauna zai zauna."

Ko minti biyu ba a yi ba na ji ɗigon ruwan nan. Na gyara zaman hulata na ce, "Da ma na kusa."

"Da alama," in ji shi.

Kafin mota ta cika mun kai na saba'in da huɗu. Na ce mun kai, amma ni yatsa kawai na bayar.

Daga nan duk Asabar sai na ƙirƙiro dalilin zuwa Gwaram. Yau gaisuwa, gobe dubiya. Hapsatu ta ce ba ta taɓa sanin ina da zumunci haka ba. In je wurin Yahuza in saya mana rake mu zauna, idan ya samu sarari tsakanin mota da mota sai ya ci mini mataki goma. Wata Asabar kunya ta kama ni, na ce masa ya yafe mini dariyar da na riƙa yi masa a aji. Ya dube ni.

"Au, kai ne kake zama kusa da ni? Na ɗauka Usaini ne."

Shekara arba'in ina ɗauka ni ne babban abin da ya faru da shi a makaranta.

Ranar Litinin kuwa sai in shiga ɗakin malamai in ajiye wayar a kan tebur inda kowa zai ga lambar, ɗari da goma, ɗari da ashirin. Idan an tambaya in ce, "Wanda ya san lissafi ai ba ya wahala a irin wannan."

Wata Laraba lokacin tara, malamai sun cika ɗakin, Malam Safiyanu ya miƙo mini wayarsa. Ya ce kwana biyar ke nan ya maƙale a na casa'in da takwas, tunda na wuce wurin tuni in fitar da shi. Na karɓa. Na tuna kaya maras kan gado ake fara sawa, amma da na duba, dukkansu ba su da kan gado. Na saka, na cire. Na ce hasken wayarsa ya yi yawa, aka rage. Na ce ba da wannan tabarau na saba yi ba. Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya tashi. Gumi ya jiƙa mini wuyan riga, daga ƙarshe na ajiye wayar na faɗa musu gaskiya. Malamin Arabiyya ya yi dariya har ya ƙware da shayi.

Malam Safiyanu bai yi mini gori ba, cewa ya yi in kai shi ya ga mutumin. Asabar muka hau babur ɗinsa muka je. Yahuza ya fitar da shi daga casa'in da takwas a tsaye, yana cin gyaɗa. Malam Safiyanu ya tambaye shi yadda yake yi.

"Ban san yadda zan ce ba. Ni dai sai na ga mazaunin abu nake ɗaga shi. Idan ka ɗora buhu inda ba nan ba ne, kai za ka sake sauke shi, kuma bayanka ne zai ji."

Malam Safiyanu ya ce ya kamata mu haɗu mu saya masa babbar waya, ya riƙa yi a gida yana hutawa. Yahuza ya yi murmushi ya ce ya gode, amma a bar shi da ƙaramarsa.

"In wuni ina jera kayan gaske, in koma gida in jera na ƙarya? Ni idan na koma tantabaruna nake watsa wa gero in zauna ina kallonsu. Su ba sa jeruwa, kuma ba ruwana."

Na goge wasan na sake farawa daga ɗaya. Wata bakwai ke nan, ina na saba'in da ɗaya da gumin kaina, kuma hawan jinin ƙwayar asibiti ce ta saukar da shi. Shi kuwa Yahuza gwiwa ta fara hana shi hawa manyan motoci, yanzu yawanci a ƙasa yake tsayawa yana nuni da bakin sanda, direbobi kuma har gobe shi suke jira.

Ina zuwa wurinsa wata-wata, wayar tana aljihu. Zuwan da na yi na ƙarshe ana lodin wata a-kori-kura mai zuwa Yalwan Damai, injin markaɗe da ƙofar ƙarfe da buhunan taki. Na roƙe shi ya bar ni in sa kwalin taliya guda da ya rage. Na zagaya motar sau biyu, na auna da ido, na cusa shi a gefen injin. Ya ce, "Madalla, Malam, ya zauna." Na yi masa sallama na tafi neman mota. Da na waiwaya daga bakin tasha, sai na hango shi ya zaro kwalin a hankali yana mayar da shi bayan ƙofar ƙarfen.