Duwatsun Kan Kwanon Ɗakina

Shekarar da Baba ya daina tuƙin tifa ya kama tara duwatsun sama. Wani bidiyo ya gani a waya, wai akwai duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya, baƙaƙe, masu nauyi, maganaɗisu na kama su. Shi ke nan. Ya farke tsohuwar sifikar rediyonsa, ya ciro maganaɗisun, ya ɗaura masa igiya, ya riƙa jan sa a ƙasa daga Congo-Russia har Tina Junction kamar mai jan akuya.

To, a Jos muke, garin da aka gaji da tonon kuza. Ko tsakuwar bakin kwata ka kai wa maganaɗisu sai ta bi shi. Kullum da buhu yake dawowa, kuma ni ce mai tantancewa tunda ni na yi sakandare. Sai in goga dutse a bayan fasasshen tayil. In ya bar jan layi ko baƙi, na ƙasa ne. Babu wanda bai bari ba.

"Baba, wannan ma ɗan gida ne."

"Uwata, ba ki da haƙuri. Sake gogawa."

"Ko na goga har Magariba, dutsen Jos ne."

Wata rana ya hau tsani gyaran eriya, ya hango duwatsun da ke kan kwanon ɗakina. Katakon rufin ya daɗe da ruɓewa, ƙusa ba ta kamawa, shi ya sa kakanmu ya danne kwanon da manyan baƙaƙen duwatsu daga ramin kuza. Rabin unguwar haka ake yi. Baba ya sani sarai, a gidan aka haife shi. Amma ya sauko yana haki.

"Na ƙasa ana iya musu a kansa. Na kan rufi fa? Ta ina ya zo?"

"Kaka ne ya ɗora."

"Kin gan shi?"

"Ba a haife ni ba."

"To!"

Ya sauke su kakaf, ya wanke da sabulu, ya sa wa kowanne lamba da farin fenti, ya fitar da tangaran ɗin Umma daga kabad ya jera su. Tayil ɗina kuwa ya ɓace ranar.

Umma ta ce, "Malam, duwatsun nan ke riƙe da ɗakin yarinyar nan, ga damina ta kawo kai."

Ya ce gobe zai je kasuwar Katako ya sayo sabon katako. Na yi magana har na gaji. Na jefa tsohuwar taya kan rufin, ta gangaro.

Bayan La'asar hadarin ya zo, ina ninke kaya. Kwanon ya ɗaga sau ɗaya kamar mai gaisuwa, ya koma. Sai kawai na ga sama. Rufin ya tsallake katanga ya sauka a garken maƙwabcinmu mai shanu, ƙanƙara ta fara zuba a kan katifata.

Baba ya shigo da gudu riƙe da roba. Na ɗauka kayana zai kwashe. Ashe ƙanƙarar yake tsincewa.

"Uwata, wannan kam a gabanki ta faɗo. Ko ita ma kakanki ne?"

Ya kai mata maganaɗisu, ba ta kama ba. Kafin ya nemo fenti ta zama ruwa.

Washegari maƙwabcin ya dawo mana da kwanon a baro, da kashin shanu a jiki. Ba a je Katako ba. Ni na tsaya a ƙasa ina miƙa duwatsun ɗaya bayan ɗaya, Baba yana mayarwa, lambobin na kallon sama. Har yau duk bayan ruwa sai ya hau ya duba ko an samu ƙari. Ina barin sa, amma ina riƙe da tsanin, kuma in ya sauko dole sai ya nuna mini hannuwansa, in tabbatar bai ɗauko dutse ko ɗaya ba.