Kawu Iro da Itatuwan Gangaren Dutse

Duk wanda ya taɓa bin hanyar dutsen Kufena da sanyin safiya ya san Kawu Iro ba ya amsa gaisuwar mutum sai ya gama gaida itatuwa. Zai dafa tsohon maɗacin nan ya ce, "Alhaji, an tashi lafiya? Ya zafin jiya?" Kai da ka yi sallama kuwa sai ka jira layinka.

Malamin daji ne shekara da shekaru. Aka yi masa ritaya, ya ce shi dai dajin bai ga takardar ba. Kakinsa ya koɗe har ya koma ruwan toka, amma kullum yana bisa keke. Burinsa ɗaya ne a duniya: kada a sare ɗanyen ice a gangaren nan saboda kowa.

Wata rana ya kama wani mai magani yana sassaƙar ɓawon maɗacin. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi gatarin a hankali ya ce, "Miƙo ƙafarka."

"Baba, me za ka yi?"

"Kaɗan zan ɗiba. Ai za ta tofo."

Wallahi takalmi ɗaya mutumin ya bari a wurin! Kawu ya kwaɓa laka ya shafe raunin, yana ba icen haƙuri.

Ga kuma Malam Tanimu, mai gona a gindin dutse, da ya kawo ƙarar birai sun cinye masa masara. Kawu ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Wanne daga cikinsu? Ka ga fuskarsa? To ba a hukunci babu shaida."

Sau ɗaya na bi shi har ƙololuwa, bayan la'asar, ina haki shi ko gezau. Birni ya kwanta can ƙasa, rimaye sun yi tsaye a kansa, hayaƙin girki na tashi siriri, shirwa na shawagi a ƙasanmu. Ya ce, "Bala, ka ji? Daga nan duk hayaniyar Zariya ba ta kai kukan kurciya ɗaya ba." Ya lumshe ido. Ni ma sai na ji kamar dutsen na tafiya da mu a hankali. Muna cikin haka wani biri ya zo ya zare goro daga aljihunsa, ƙiri-ƙiri. Kawu ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Kada Tanimu ya ji."

Ranar da ya rasu, maza suka ɗauki gatura za su saro itacen da za a jera a kabari. Na san gangaren nan za su nufa. Sai matarsa, Inna Ladi, da ke fitar da kayan ɗakinsa, ta ƙwala mana kira. A ƙarƙashin gadonsa ga busassun itatuwa a jere, an yanka su tsawo ɗaya, duk rassan da iska ta karya da kanta.

Ta riƙe haɓa ta ce, "Shekara nawa ina girki da kara, ashe itacen kirki na nan kwance!" Muka yi dariya, sai dariyar ta koma kuka.

Da su muka rufe shi, suka isa cif. Ko ganye ɗaya ba a taɓa ba a gangaren nan ranar.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sa ka a inuwarsa, ya sanyaya makwancinka.