Ragon Layya da Idon Motata

Abin nan ya faru shekarar da ruwa ya kada katangar bayan gidanmu, bayan cutar nan da ta sa aka rufe masallatai ta lafa, kafin auren autata. Maigida ya riga ya rasu. Ana saura 'yan kwanaki Babbar Sallah.

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma tun ina da ƙarfina nake tuƙi. Da idon maigida ya soma rauni, ni na karɓi akori-kurarsa ina ɗauko dilolin atamfa zuwa rumfarmu a kasuwar Mont-Bouët. Da tsufa ya zo, wuya ne ya fara ƙi na, waiwaye ya gagare ni. Shi ya sa ɗan farina, wanda har yau bakina bai taɓa kiran sunansa ba, ya saya mini mota mai caji, fara sol. Ba ta shan mai, ba ta gurnani, tafiya take kamar kyanwa. A bambar bayanta akwai 'yan idanu, kowanne kamar maɓallin riga. In na sa ribas, wani abu ya kusa, sai su yi ƙara. Su ne wuyana.

To, sai aka kawo ragon layya aka ɗaure a gindin mangwaro, igiya ta yi tsawo. Ni kuwa na wanke mota tas saboda Sallah. Rago ya hango wani rago a jikin fenti, ya ja da baya, ya kai masa karo. Idon mota ɗaya ya tsage. Daga nan in na sa ribas sai mota ta ɗauki kuka ba tsayawa, ko da abu a baya ko babu.

Ɗana ya durƙusa ya ce, "Inna, kawo makullin in ajiye. Bayan Sallah sai a kai gareji."

Na ce, "Sallar bana ko ta baɗi?"

Ya ce, "Inna, motar nan ba a jin tahowarta. Ga jikarki tana rarrafe a tsakar gida."

Gaskiya ya faɗa. Amma na san makullin da aka karɓa a hannun tsohuwa ba ya dawowa. Aminiyata ta unguwar Glass zazzaɓi kawai ta yi, 'ya'yanta suka riƙe makullin rumfarta wai har ta warke, shi ke nan. Ga kuma rabon nama: washegarin Sallah maigida da kansa yake kaiwa gida-gida, bayansa ni na gada. Namanmu ba a ba ɗan taksi ya kai.

Na ce, "Ka bar ni zuwa jajibere. Za a ajiye turmi a bayanta. In ba ta gan shi ba, da hannuna zan miƙa maka makulli."

Yana fita na kashe mota, na shimfiɗa tsohuwar tabarma, na kwanta rigingine a ƙarƙashin bamba. Surukata, haifaffiyar garin nan, ta fito da muciya a hannu.

"Innalillahi! Hajiya, wuta ce fa a cikinta!"

"Ai tuwonki ma a kan wuta yake, ba ki gudu ba. Duba mini a wayarki yadda ake yi."

Ta duba, ta fassara mini: kada in kusanci duk wata waya mai ruwan lemo, nan ajalin yake, ta idon siririya ce baƙa. Kaina ba ya shiga wurin, sai hannu. Amma hannun da ya shekara yana fitar da kayan cikin kaza ba ya buƙatar fitila. Na lalubo idon, na ji kunnuwan roba biyu sun riƙe shi. Na buɗa su, na tura, ya zame. Wayarsa ta ƙi fita, na yi ta ja har farcena ya karye, sai na gano akwai ɗan harshe da ake dannawa. Na ƙulle idon a bakin zane, na hau taksi.

Mai sayar da kayan mota ɗan Najeriya ne, ba Bahaushe ba, amma ya iya Hausar kasuwa. Ya ce, "Mama, wannan idon kaftar ake ce masa. Wace lamba?" Na ce lamba ta masu boko ce, ya zube mini nasa. Na yi ta gwadawa kamar mai neman zaren da ya dace da zane, ina duba bakin wayar, har na sami ɗan'uwansa. Sai dai baƙi ne wuluk. Na ce zan shafa masa farin fenti. Ya kama kai ya ce, "Mama, in kin lafta masa sai ya makance!" Ya kuma nuna mini zoben roba a wuyan tsohon, ya ce in mayar wa sabon.

Na dawo na sa shi, na kunna mota, na sa ribas. Ta ɗauki kuka kamar jiya. Surukata ta ce, "Hajiya, ki huta mana." Na ce hutu yana gaba, a kabari. Na sake kashewa, na sake kwanciya, na lalubi maƙwabcin idon, mai lafiya. Bakin wayarsa gefe yake kallo, nawa kuwa na juya shi, ko zama daidai bai yi ba. Na cire, na daidaita, na tura har na ji ƙas.

Ranar jajibere ɗana da kansa ya mirgino turmi, ya ajiye shi saitin sabon idon, ya ɗauki 'yarsa ya saɓa a kafaɗa. Na yi bismillah na sa ribas. Shiru. Na matsa kaɗan. Sai ta soma, ɗai-ɗai, tana ƙara sauri, har ta zarce da kuka. Na taka birki. Tsakanin bamba da turmi bai wuce kamu ɗaya ba.

Ya dubi wurin, ya ce, "Inna, motarki ta sa kwalli a ido ɗaya."

Na ce, "Sallah ce. Matsa mini turmin."

Washegarin Sallah na kai nama unguwar Cocotiers, na kai Glass. Aminiyata na ba cinyar rago mai laifin.

Ita Allah ya yi mata rasuwa bara. Mai kayan mota ya koma gida, an ce yana nan da ransa. Ɗana ya soma furfura, surukata tana nan da bakinta, mai rarrafe ta shiga makaranta. Ni ma ga ni, makulli yana ƙulle a bakin zanena.